Riƙonsa Ya Yi, Ba Shi Ya Haife Shi Ba: Yadda Kuskure Ke Shiga Salsalar Gida

Washegarin babbar sallar bara muka yi taron zumuncin gidanmu, kuma a wannan karon matasa suka dage sai an fito da salsala kowa ya gani. Ni aka ɗora wa tattara sunaye. Na yi wata biyu ina buga waya, ina bin baffanni gida-gida. Abin da na haɗa aka kai wa masu buga allunan leda irin na 'yan siyasa, suka zana ƙatuwar bishiya, kakan kakanni a gindi, mu da 'ya'yanmu can a ƙarshen rassa. Aka rataye a bangon tsakar gida, yara sai ɗaukar hoto suke yi.

Gwaggo, yayar mahaifina, ba ta karatun boko. Ta sa aka matso mata da kujera, ta ce wata jikarta ta karanto mata daga ƙasa. Ana zuwa suna na biyu ta ɗaga hannu. "Tsaya. Maimaita." Yarinya ta maimaita. Sai ta juyo wajena. Sunan mahaifinta aka sa mini, don haka ba ta taɓa ambaton sunana ba. Ta ce, "Babana, wa ya gaya maka Malam Babba ne ya haifi kakanmu? Riƙonsa ya yi. Ƙanensa ne ya haife shi, wanda ya bi ayarin goro zuwa Gwanja bai dawo ba." Wani baffana ya ce, "Haba Yaya, ai wa da ƙane duk ɗaya ne." Ta ce, "To da aka raba gonakin Malam Babba, don me ba a ba shi kason ɗa ba?" Tsakar gida ta yi tsit.

Mutum shida suka ba ni wannan suna, kuma babu wanda ya yi mini ƙarya a cikinsu. Wannan shi ne abin da ya kamata mai binciken asali ya fara fahimta. Yawancin kurakuran da ke cikin salsalolinmu ba ƙirƙirarsu aka yi da gangan ba. Daga kyawawan ɗabi'unmu suke fitowa: riƙo, alkunya, kara, da yi wa iyaye takwara.

Ɗauki riƙo. Yaro ya tashi a hannun wan ubansa, yana ce masa Baba, ana kuma yi wa duk wanda ya tuna masa cewa ba nan aka haife shi ba kallon marar tarbiyya. Shi ya yi masa kaciya, shi ya kai shi makarantar allo, shi ya yi masa aure. 'Ya'yan yaron sun san gaskiya amma ba sa faɗa. Jikoki sun ji ƙishin-ƙishin. Tattaɓa-kunne kuwa ba su taɓa ji ba, su ne kuma masu kwamfuta da sha'awar zana bishiya. Haka abin yake ga agola da ya bi uwarsa gidan miji, da almajirin da ya girma a zauren malaminsa har aka aura masa 'yar gida. Kalmar "baba" kanta tana taimaka wa ruɗanin, tunda uba da wansa da ƙanensa da amininsa duk ita ake kiransu da ita.

Takwara kuma ta wata fuskar take ɓata lissafi. Ana sa wa jika sunan kaka, sai a ɓoye sunan da Abba ko Baffa ko Halifa. Bayan shekara ɗari laƙabin ya ɓace, sai a wayi gari da mutum biyu masu suna ɗaya a jere, kaka da jika, baki ya haɗe su su zama mutum guda, shi kuwa na tsakiyarsu ya faɗi ƙasa. Alamar wannan ita ce ka ji an ce wane ya yi yaƙi tare da jama'ar Shehu, kuma shi ne ya tari Turawa a ƙofar gari. An fara jihadi a 1804, Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903. Wanda ya isa ɗaukar mashi a na farko ya haura shekara ɗari da goma a na biyu. Mutum biyu ne, ko uku. Akasin haka ma yana faruwa. Mutum ɗaya yana da sunan yanka, yana da laƙabi, yana da sarauta ko limanci, sai mai rubutu ya jera su ya sa "ɗan" a tsakani, mutum guda ya zama uku. Ga kuma gidan da duk maza Muhammadu ne, bambancin kawai Auwalu, Sani, Salisu, Rabi'u, wato na ɗaya, na biyu, na uku, na huɗu. Idan lambar ta faɗi a hanya, sai Allah.

Da boko ta zo sai ta ƙara nata. Rajistar makaranta tana son suna biyu, mu kuwa ba mu da sunan dangi da ake gada irin na Turawa. Aka riƙa cike gurbin da sunan gari. Tafawa Ɓalewa gari ne, Shagari gari ne, Zungur gari ne, sunan mahaifin Malam Aminu Kano kuwa Yusufu. Sardauna Ahmadu Bello ya fi kowa nuna yadda suna ke yaudarar mai karatu. Wanda bai sani ba zai ɗauka Bello ne ya haife shi. Alhali Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a 1837, Sardauna kuwa an haife shi a Rabah wajen 1910. Mahaifinsa Ibrahim, kakansa Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah, sannan a kai ga Bello. Wannan gida ne da tarihinsa ke rubuce, shi ya sa ba a ruɗe ba. A gidan talaka irin wannan suna kan haɗiye mutum biyu babu wanda ya lura. Har yau ma abin bai tsaya ba. Yaron da yayansa ya kai shi firamare sai a rubuta shi da sunan yayan, sunan ya bi shi zuwa takardar jarrabawa, zuwa katin ɗan ƙasa, zuwa fasfo. Ranar haihuwa kuwa, duk wanda ya taɓa ganin yawan 'yan 1 ga Janairu a takardun rantsuwar shekaru ya san darajar wannan shaida.

To da me ake gane salsala ta sami giɓi? Abu na farko lissafi ne, kuma ba Turawa suka kawo shi ba. Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332 ya rasu a Alƙahira a 1406, ya kafa ma'auni cewa a kowace shekara ɗari ana samun kimanin uba uku a jere. Abin burgewa shi ne a kan nasabarsa ya fara gwada wuƙar. Ya ce sunaye goma ya sani tsakaninsa da kakansu Khaldun wanda ya shiga Andalus. Idan kuwa a farkon cin ƙasar ya shiga, to an yi shekara kusan ɗari bakwai, wanda ke buƙatar kimanin suna ashirin. Sai ya yanke cewa mafi rinjayen zato kusan rabin sunayen sun zube. Bai cike giɓin da sunayen da suka yi masa daɗi ba, bai kuma ce nasabar ƙarya ce ba. Ya faɗi abin da ya sani da inda saninsa ya tsaya.

Sai dai a ƙasarmu dole a riƙe wannan ma'auni da sassauci. Dattijo ɗan shekara saba'in yakan yi amarya ya sami auta, autan ma ya yi haka, sai ka ga uba biyu sun cinye shekara ɗari da ɗoriya. Layin 'yan fari kuwa yakan kai huɗu ko biyar a ƙarni. Saboda haka idan lissafi bai fita ba, tambaya ce ta taso, hukunci bai faɗi ba tukuna. Amma akwai giɓin da babu autan da zai cike shi. Daga wafatin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a 632 zuwa yau an yi shekara kusan 1,400. Salsalar da ta taso daga Hasan ko Husaini zuwa mutumin da ke raye ya kamata ta ɗauki suna arba'in ko kusa da haka. Idan aka miƙo maka mai suna goma sha takwas, an yi tsallake. Tsallaken bai kore sharifantaka ba, akwai gidaje masu tsohon tarihi irin na unguwar Sharifai a Kano da ke danganta kafuwarsu da zuwan Shehu Maghili zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Abin da ya nuna kawai shi ne takardar da ke hannunka ba ta isa hujja ita kaɗai ba.

Can ƙololuwar salsala akwai wata iska da kullum gabas take kaɗawa. Bayajidda daga Bagadaza, sarakunan Sefawa na Barno daga Saifu ɗan Zi Yazan na Yaman, Fulani Toronkawa daga Uƙba, wanda su kansu malamai suka saɓa a kan wane Uƙban ne cikin masu wannan suna. Waɗannan labarai suna da kimarsu, suna gaya mana inda al'umma ta ɗora zuciyarta. Amma mai tattara salsalar gida ya san cewa inda aka bar "wane ya haifi wane, ga kabarinsa, ga gonarsa" aka koma "mun fito daga gabas", an canza irin magana. Ko shekarun da muke haddacewa na sarakunan Kano, irin 999 ta Bagauda, ba haka suke a asalin kundin tarihin Kano ba. Tsawon mulkin kowane sarki kundin ya bayar, Bature Palmer ne da ya fassara shi ya buga a 1908 ya yi lissafi da baya-baya ya fitar da shekarun. Lamba idan ta hau takarda sai ta yi kama da dutse, ko da ƙiyasi ce.

Akwai kuma abin da ake binnewa da gangan, nan ne aikin ke da zafi. Dokar Turawa ta ce duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, ba a kuma soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Najeriya ba sai 1936. Wannan jiya-jiya ne. Bawan da aka 'yanta, ko bacucanen da aka haifa a gida, yakan ci gaba da amsa sunan ubangidansa, bayan jikoki biyu "na gidan wane" ya rikiɗe ya zama "ɗan wane". Haka wanda kakansa Bamaguje ne da ya musulunta, ko wanda gidansu ya bar sana'ar da ake rainawa ya koma wani gari. A ƙetare kuma suna ɗaya ke rufe kowa. Waɗanda suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, har ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, da alhazan ƙafa da suka zauna a hanya, a Sudan duk Fallata ake ce musu, Bahaushe ne ko Bafulatani ko Babarbare. A zangon Kumasi ko Akara kuma jikan Bazabarme ko Banufe da ya tashi da Hausa a baki Bahaushe ne a idon gari. Wanda ya zo neman tushensa daga can, sunan ƙabilar da aka laƙaba masa ba zai kai shi ƙofar gidan kakansa ba.

Babban misalin yadda son zuciya mai kyau ke jan bincike ya ɓata shi ne na Alex Haley, baƙar fatar Amurka da ya fitar da littafin Roots a 1976. Ya taso da labarin kakanninsa mata game da wani Ba'afirke da aka kama yana saran itacen yin ganga. Ya je Gambiya a 1967, aka kai shi ƙauyen Juffure, wani dattijo mai suna Kebba Fofana ya ba shi labarin Kunta Kinte wanda ya yi daidai da abin da ya zo da shi. Ya kuma ɗaura labarin da wani jirgin bayi da ya isa Annapolis a 1767. Duniya ta girgiza. Bayan 'yan shekaru masana suka bi sawu. Donald Wright ya nuna cewa Haley ya riga ya ba mutane labarinsa a Gambiya kafin a nemo masa mai ba da labari, kuma dattijon ba ya cikin ƙwararrun masu riƙe tarihin baka. Gary Mills da Elizabeth Mills kuma suka duba takardun Virginia a 1981, suka tarar bawan nan Toby, wanda Haley ya ce shi ne Kunta Kinte, yana cikin takardun iyalan Waller tun 1762, shekara biyar kafin jirgin ya iso. Duk da haka a 2011 Gambiya ta sa wa tsibirin James sunan Kunta Kinte. Kuskuren da ya yi daɗin ji yakan riga gyaransa shiga taswira.

Ni ma irin tarkon da na faɗa ke nan, ƙarami dai. Da na koma na duba yadda na yi tambayoyina sai kunya ta kama ni. Ba cewa nake yi "wa ya haifi kakanku?" ba. Cewa nake yi, "Baffa, Malam Babba ne ya haifi kakanku ko?" Dattijon Bahaushe kuwa da wuya ya gwale ɗansa da ya zo da takarda da biro, sai ya ce, "Haka ne." Da na bi diddigin inda su shidan suka samo nasu sanin, sai ga shi duk takarda ɗaya ce, wadda wani baffanmu ma'aikaci ya buga da tafireta shekaru da dama da suka wuce, aka yi ta kwafa. Shaidu shida na ɗauka ina da su, ashe ɗaya ne ya yi amsa-kuwwa sau shida. Yanzu da WhatsApp abin ya fi sauri. Hoto ɗaya zai zagaya zauruka goma, ya dawo maka daga wani ɗan'uwa a Maraɗi, ka ce ai ga shi har Nijar ma haka suka sani.

Ba don Gwaggo ta girme mu muka karɓi maganarta ba, tsufa ma yana mantuwa. Mun tambaye ta daga wa ta ji, ta ce daga bakin kakarta, matar shi kakan namu, wadda ta yi zaman ɗaki ɗaya da ita har ta yi aure. Wannan isnadi ne gajere. Sannan muka je wani gari wajen wata tsohuwa daga zuri'ar Malam Babba ta ainihi, ba mu gaya mata abin da ya kawo mu ba, muka ce ta lissafo mana 'ya'yan kakanta ɗaki-ɗaki. Ta lissafo su da iyayensu mata, kakanmu ba ya ciki. Da muka ambace shi ta ce, "Ai wannan ɗan Na-Gwanja ne." Mata sun fi maza riƙe wannan fanni nesa ba kusa ba, domin su suka san wace ce ta haifi wa, wa aka yaye a ɗakin wa, wa ya sha nonon wa. Salsalarmu kuwa ta saba zubar da su gaba ɗaya, shi ya sa take saurin karkacewa.

Hujja ta uku a gafaka muka same ta. Akwai tsohon Alƙur'ani rubutun hannu na Malam Babba a wajen limamin gidan, warƙoƙinsa sun yi ja, gefensu ya gutsuttsure. A bayan warƙar ƙarshe ya jera haihuwar 'ya'yansa da tawada, kowanne da rana da wata. Can a gefe, a karkace, da wani alƙalami mai kauri, ga sunan kakanmu, a gabansa an rubuta kalma biyu da Larabci, ibnu akhi, wato ɗan ɗan'uwana. Liman ya karanta sau biyu, ya rufe, ya ce, "Gwaggonku ta yi gaskiya."

Ba kowane gida ke da irin wannan sa'a ba. Inda babu rubutu, ana kafa shekaru da manyan abubuwan da suka faru, domin tsoho ba zai ce maka 1914 ba amma zai ce an haifi babansa shekarar yunwar Kakalaba. Akwai basasar Kano ta 1893 zuwa 1895, isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, annobar mura ta 1918, zuwan Sarauniyar Ingila a 1956, canjin hannun tuƙi a 1972, canjin kuɗi zuwa naira a 1973. Rabon gado ma shaida ne mai ƙarfi, kamar yadda Gwaggo ta nuna, domin a nan ne kara ke ƙarewa, alƙali ba ya ba ɗan riƙo kason ɗa. Wanda ke da hali ya leƙa gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, da Arewa House, da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Sai dai ya tafi da sanin cewa rahoton da Bature ya rubuta a kan gunduma daga bakin hakimi ya ji shi, ta hannun tafinta, kuma gidajen sarauta ya fi damuwa da su. Abin da aka gaya wa Di'o a ranar da ake neman sarauta ba wahayi ba ne don kawai ya tsufa a cikin fayil.

Matasa da yawa yanzu suna ganin gwajin ƙwayoyin halitta, wato DNA, zai raba gardama. Yana da amfani, amma a san iyakarsa. Akwai ƙwayar Y da ɗa namiji ke gada daga ubansa, ita ke bin layin maza zalla. Akwai wadda uwa kaɗai ke gadarwa, tana bin layin mata. Ragowar kuwa rabewa take yi a kowane hawa, rabi daga uba, kimanin rubu'i daga kaka, kimanin sumuni daga kakan uba. Idan ka hau hawa goma kana da gurbin kakanni 1,024, ƙwayar Y ɗaya tak take ba ka labari a cikinsu. Alƙaluman da kamfanoni ke turo wa mutum, kaso kaza Najeriya kaso kaza Mali, kwatanci ne da mutanen da suke raye waɗanda aka ɗebi samfurinsu, shi ya sa sukan canza idan kamfani ya sabunta ma'ajiyarsa. Kuma a matsala irin tamu gwajin ƙwayar Y ba zai ce komai ba, tunda wa da ƙane 'yan uba ɗaya ƙwayar Y ɗinsu iri ɗaya ce.

Inda ya yi magana ma, rabin magana yake yi. A 2012 aka tono ƙasusuwan Sarki Richard na Uku na Ingila, wanda aka kashe a yaƙi a 1485, a ƙarƙashin wani wurin ajiye motoci a Leicester. Layin mata ya dace da zuri'ar 'yar'uwarsa, amma ƙwayar Y ba ta dace da ta mazan da takarda ta ce tsatsonsu ɗaya da shi ba. Wato an sami yankewa a wani wuri cikin ɗaruruwan shekaru, gwajin kuwa bai iya nuna a wane hawa ba ne. A Amurka kuma gwajin 1998 ya ƙarfafa maganar zuri'ar baiwar nan Sally Hemings cewa ɗanta Eston jinin gidan Shugaba Thomas Jefferson ne, bayan masana sun daɗe suna watsi da ita. Gwajin nan dai shi ne bai goyi bayan iyalan Woodson ba, waɗanda su ma suka riƙe irin wannan labari kaka da kakanni. Tarihin baka ya ci a gida ɗaya, ya faɗi a ɗayan.

Ga Musulmi akwai wani shinge kuma. Shari'a ta tsananta ta ɓangare biyu. Aya ta 5 a Suratul Ahzab ta ce a kira 'ya'yan riƙo da sunan ubanninsu, a kan haka aka daina cewa Zaidu ɗan Muhammadu aka koma Zaidu ɗan Harisa, hadisi kuma ya yi gargaɗi mai tsanani ga wanda ya danganta kansa ga wanin ubansa yana sane. Wannan ke sa gyara irin namu ya zama wajibi da zarar an tabbatar. A ɗaya ɓangaren kuma ɗa na mai shimfiɗa ne, wato mijin uwarsa, sukar nasabar mutane tana cikin ayyukan jahiliyya, kuma mutumin da ya zo yana shakkar ɗansa don ya fito baƙi, Annabi ya tambaye shi ko a cikin jajayen raƙumansa ana samun mai ruwan toka, ya ce ana samu, wataƙila wata jijiya ce ta fizgo shi, aka ce masa to ɗanka ma haka. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya, a zamanta na Makka a 2002, ta halatta amfani da gwajin wajen wanda ba a san nasabarsa ba, ko jariran da suka cakuɗe a asibiti, ko yaran da suka ɓace, amma ta hana amfani da shi don rushe nasabar da ta riga ta tabbata a shari'a. Saboda haka mayar da ɗan riƙo ga ubansa abu ne daban, zuwa da takardar ɗakin gwaji a ce kakar wane ta ci amana abu ne daban. Na biyun ba binciken tarihi ba ne, ƙazafi ne ga matar da ke kabari.

Ra'ayina game da asalin bauta ma kusa da haka yake. Idan ka gano shi a layinka, naka ne, ka rubuta, babu abin kunya ga wanda aka zalunta, sarakuna nawa ne ma 'ya'yan sa-ɗaka. Idan a reshen wasu ka gano shi, ba kai ke da ikon saka shi a zauren WhatsApp ba. Ka sami babbansu a keɓe. Aure nawa ya mutu a kan "an bincika asali".

Da muka zo sake bugawa, gardama ta koma kan yadda za a zana. Wasu suka ce a cire Malam Babba daga layinmu kawai. Gwaggo ta ƙi, ta ce mutumin da ya ci da maraya ya aurar da shi ba a goge shi. Sai muka ja cikakken layi daga kakanmu zuwa mahaifinsa, muka ja mai ɗigo-ɗigo zuwa Malam Babba, aka rubuta "mariƙi" a kai. Muka ƙara sunayen iyaye mata duk inda aka sani, da waɗanda nono ya haɗa, tunda wannan ya shafi aure ko da bai shafi gado ba. A littafin da ke ajiye wajen liman kuma kowane suna an rubuta a gabansa daga wa aka ji shi, a wace rana, ko a wace takarda aka gan shi, sannan tsohuwar takardar tafireta an manna ta a ciki yadda take, da bayanin inda ta kuskure, don kada wani jika ya tsinto kwafinta nan gaba ya ce mu ne muka ɓata.

Baffan nan nawa da ya ce wa da ƙane duk ɗaya ne har yau bai gamsu ba. Malam Babba malami ne sananne a yankinmu, kuma ba daɗi mutum ya kwana jikan malami ya tashi jikan falken da ba a san kabarinsa ba. Tsohon hoton ne har yanzu a fuskar zauren reshensu. Sunan yankan falken kuwa ba mu same shi ba. Gwaggo ta ce kakarta ba ta taɓa furta shi ba, sunan suruki ne. Na-Gwanja muka rubuta a gurbin. Wani ƙanena da ke kai albasa Kumasi ya ce idan ya sami sarari zai ƙarasa Salaga da ke ƙasar Gwanja, ya tambayi tsofaffin zango ko akwai gidan da ke cewa kakansu ya baro ɗa a goye a ƙasar Hausa. Na ce masa idan ya je kada ya faɗi sunan garinmu, ya bari su faɗa.